Darasi na 7: Kwanon tsohuwa

Karanta da ƙarfi, sannu a hankali.

Daga watan Yuni zuwa Agusta rumbu yakan yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. A irin wannan lokaci yunwa takan fara da tsofaffi, musamman wanda ƙarfin noma ya ƙare masa, da tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna can birni.

Tsoho ba ya roƙo, kunya ba ta barinsa. Ka ce, "Baba, an ci abinci?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Tsohuwa kuwa, a kai mata tuwo ta miƙa wa jikoki, ita ta kwana da ruwa. Don haka kada ka tsaya ga tambaya, shiga ka gani. Murhu ya kwana biyu ba wuta? Zane ya fara yi mata yawa? Tana jiri in ta miƙe? In tana shan maganin ciwon suga, abin ya fi haɗari, domin shan sa da cikin wofi yakan sa mutum ya suma.

Wani lokaci abincin yana nan, haƙori ne babu. A ba su mai laushi: kunun gyaɗa, fate, alala, wake da ya dahu luguf, tuwo da miyar zogale ko kuka. Koko kaɗai ba ya riƙe jiki. Kuma in ka kai kwano, zauna ku yi hira har ta ci. Wannan zaman yana da muhimmanci ƙwarai, don mai kaɗaici ba ya jin daɗin ci.

Iyayenmu sun san ciyayya: kowane dare kwano ya fita daga wannan gida zuwa wancan. A sa gidan tsoho cikin ciyayya, ko da ba shi da abin mayarwa. Akwai kuma zakkar noma, ɗaya bisa 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa 20 ga noman rani na ban ruwa, in amfanin ya kai nisabi. Tsoho mabuƙaci na unguwarku yana cikin masu haƙƙi. A kai masa da daddare, ba a gaban jama'a ba.

Lissafi: Gidaje 20 sun yarda kowanne zai ba da mudu 1 na gero duk Juma'a. Tsofaffi 5 za a raba wa. Mudu nawa kowa zai samu a mako? A mako 4 fa?

Rubutu: Kwafi waɗannan kalmomi sau 3: rumbu, yunwa, ciyayya, mudu, zakka.

Aikin gida: Ƙirga tsofaffin unguwarku da ke zaune su kaɗai. Rubuta yawansu kawai, ban da sunaye, ka zo da shi aji mako mai zuwa.