Yadda Ake Ƙera Raƙumin Takarda Mai Ruwan Tagulla

Kayan aiki: tsofaffin jaridu, waya mai lanƙwasuwa, zare, sitaci, gishiri, baƙin fenti da fenti ruwan tagulla. Ana samun fentin a Kasuwar Sabon Gari.

1. A lanƙwasa waya a fitar da ƙafafu huɗu, dogon wuya da tozo. A ware ƙafafun sosai, in ba haka ba raƙumin zai riƙa kifewa.

2. A dunƙule jarida a cika ciki da tozo, a ɗaure da zare.

3. A dama sitaci da tafasasshen ruwa, ya yi kaurin koko. A barbaɗa gishiri kaɗan saboda fumfuna.

4. Nan ne aikin yake. A yayyaga jarida da hannu, ban da almakashi, domin yagaggen baki ya fi kwanciya lumui. A tsoma, a tsane da yatsu, a liƙa. Shimfiɗa 3 ko 4 ta isa, amma kowace sai ta bushe ƙarau kafin a ɗora wata. Da hunturu ba ta daɗewa. Da damina kuwa sai haƙuri.

5. A shafe shi duka da baƙin fenti.

6. In ya bushe, a dangwali ruwan tagulla da soso, a goga sama-sama. Baƙin da ya rage a lunguna shi ke sa a zaci ƙarfe ne, don haka kada a cika hannu.