Kurakuran da dattawanmu ke yi wajen sayen gida a unguwannin 'yan shekara 55 a Amurka

Da yawa daga cikin waɗanda muka zo Amurka tare a shekarun 1980 da 1990 sun ajiye aiki ko suna dab da ajiyewa. Yara sun watse, gida mai ɗaki huɗu ya yi wa mutum biyu yawa, hawa bene ya fara cin gwiwa, ga yankan ciyawa da kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida duk hunturu. Sai ka ji an ce za a sayar da gidan a koma unguwar 'yan 55. Ba ni da ja da wannan shawara, don ni da maigidana a irin wannan unguwa muke zaune yanzu, kuma muna jin daɗinta. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ake ta maimaita kurakurai iri ɗaya, sai an sa hannu an biya kuɗi sannan a kira ni a waya ana cewa, "Hajiya, yanzu yaya za mu yi?"

Ga wanda bai san su ba: unguwanni ne da aka gina don dattawan da ke da sauran ƙarfi, yawanci gidaje ƙanana marasa bene, da wurin iyo, ɗakin motsa jiki, zauren taro, wasu har da filin golf. Wadda ta yi wa harkar suna ita ce Sun City kusa da birnin Finiks a jihar Arizona, wadda kamfanin Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairun 1960. Yau ana samun irinsu a kusan kowace jiha.

Kuskure mafi girma, wanda ni kaina ya ci mini dukiya da kwanciyar hankali, shi ne rashin karanta dokar wanda aka yarda ya kwana a gidanka.

Tun 1988 dokar tarayya ta haramta hana iyali gida don suna da yara. Waɗannan unguwanni an keɓe su daga wannan hani, kuma wata doka ta 1995 ce ta tsara sharuɗɗan: aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki su kasance da mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye, unguwa ta wallafa dokokinta, kuma ta riƙa tantance shekarun mazauna duk bayan shekara biyu. In ta yi sakaci ta rasa matsayinta. Garin Youngtown da ke maƙwabtaka da Sun City ya rasa nasa a 1998, bayan takaddama kan wani matashi da ke zaune wurin kakanninsa. Shi ya sa ba sa ɗaga ƙafa. Kada ka zaci za ka je ofis ka yi bayani mai daɗi a tausaya maka. A unguwar The Villages da ke Filorida, yaron da bai kai shekara 19 ba kwana 30 kawai aka yarda ya yi a shekara. A Sun City kwana 90. Kowace unguwa da nata adadin, kuma jariri ma yaro ne a lissafinsu.

To, ku tsaya ku tuna ko mu su wane ne. 'Yarki ta haihu, ina za ta yi wankan jego? Kwana arba'in ne, ba talatin ba. Unguwar farko da muka saya, dillali ya nuna mana filin wasan yara ya ce jikoki na zuwa kullum, ni kuma na ɗauki maganarsa ban buɗe kundin dokokin ba. Da 'yarmu ta haihu, aiki aka yi mata, ta dawo gida kamar yadda kowace 'ya ke dawowa wurin uwarta. Kwanakin hutun da yayan jaririn ya yi a wurinmu tun farkon shekara an riga an ƙirga su a kan gidanmu. Ba a yi arba'in ba takarda ta iso, sai ta biyu, sai tara. Yarinya da ɗinki a cikinta tana kuka tana cewa, "Umma, bari kawai in tafi, kada a kore ku saboda ni." Dole na bi ta ɗan ƙaramin ɗakinsu na haya, na bar Alhaji shi kaɗai da ciwon suga. Daga baya muka sayar da gidan. La'adar dillali, kuɗin kwasar kaya sau biyu, da faɗuwar da muka yi a farashi sun cinye abin da muka yi shekaru muna tarawa don aikin hajjinmu mu biyu.

Har yau in na ji wani ya ce "ai dillali ya ce ba matsala" sai raina ya ɓaci. Dillali cinikinsa yake nema, kuma ranar da takardar tara ta zo ba ya nan. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi kundin dokokin unguwar gaba ɗaya, ka zauna da ɗanka ko lauya ku bi shi shafi-shafi. Ni abin da nake yi shi ne in rubuta tambayoyina in aika wa ofishin ƙungiyar masu gidajen, wadda ake kira HOA, in ce a ba ni amsa a rubuce. Kwana nawa yaro zai yi? Ana ƙirgawa kan kowane yaro ne ko kan gida? Baligi fa, kamar ƙanwarki da ta zo daga Kano ko Maraɗi da bizar ziyara, wadda sau da yawa ake ba ta izinin zaman wata shida? In ɗanka mai shekara 30 ya rasa aiki, zai iya dawowa? In kana buƙatar mai jinya ta zauna tare da kai fa? In amsar ba ta dace da yadda gidanka yake ba, ka haƙura ka nemi ƙaramin gida a unguwa ta kowa da kowa. Ba dole ba ne sai unguwar 'yan 55.

Alhazai, wannan taku ce, kuma zan faɗa muku ba tare da kara ba. Kai kana da shekara 66, matarka tana da 47. Da shekarunka aka ba ku izinin zama. Ranar da ta Allah ta kasance, ita fa? Wasu unguwanni sun rubuta cewa matar da aka bari za ta ci gaba da zama ko ba ta kai 55 ba. Wasu sun bar abin a hannun shugabannin ƙungiya. Kashi 20 ɗin nan da doka ta bari ba haƙƙin kowa ba ne, unguwa ce ke da ikon ta bayar ko ta hana. Mace tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, a ce tana karanta takardun ko za a bar ta a ɗakinta? Wannan ba adalci ba ne, kuma tambaya ɗaya kafin saye za ta hana shi. Haka maganar gado. 'Ya'ya za su iya gādon gidan, amma galibi ba za su iya zama a ciki ba, kuma kuɗin wata zai ci gaba da hawa kansu har sai sun sami mai saye, alhali masu sayen irin wannan gida ba su kai na sauran gidaje yawa ba.

Kuskure na biyu shi ne kallon farashin gida kawai. Mutum ya sayar da nasa, ya sayi wannan kuɗi hannu, ya ga ragowa a banki, sai ya ce ya huta. Bai huta ba. Akwai kuɗin ƙungiya na kowane wata, wanda ba ya raguwa sai dai ya ƙaru, ko kana shiga wurin iyo ko ba ka taɓa leƙa shi ba. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne karo-karon dole. In rufin zauren taro ya lalace, ko titunan unguwa, ko bututun ruwa, kuma babu isassun kuɗi a asusun ko-ta-kwana, sai a raba kuɗin gyaran a kan masu gidaje, kowa ya kawo nasa. Wanda ya kasa biya, a jihohi da yawa ƙungiya na da ikon ɗora wa gidansa bashin a hukumance, har ta kai ga gwanjonsa, ko da banki ba ya bin sa ko sisi.

Masu son Filorida su buɗe kunne. Ranar 24 ga Yunin 2021 wani dogon bene na gidajen kwana ya rushe a garin Surfside, mutum 98 suka rasu. A 2022 jihar ta yi dokar da ta tilasta binciken ƙarfin tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama, ta kuma tilasta musu tara kuɗin gyara a asusu maimakon ɗage shi kamar yadda aka saba. Doka ce mai kyau, amma nauyinta ya faɗo kan waɗanda suka sayi ɗaki a tsohon bene don sun ga araha. Ni dai in na ga tsohuwar unguwa da ɗan ƙaramin kuɗin wata, tsoro nake ji, don araha ba ta ado. Ina neman abu uku: kasafin kuɗin ƙungiya, rahoton da ke nuna nawa ya kamata a ce yana asusun gyara da nawa ke ciki a zahiri, da rubutaccen bayanin tarurrukansu na shekara biyun da suka wuce. A bayanin taron ne za ka ga ana rigima kan rufi ko ana shari'a da ɗan kwangila. Wasu na cewa na cika bin ƙwaƙƙwafi. Su ce.

Har ila yau a Filorida, sababbin unguwanni da yawa, har da The Villages, an gina titunansu da magudanansu da bashi, kuma kason wannan bashi yana bin gidan, yana zuwa a takardar harajinka duk shekara tare da kuɗin ruwan bashin. Mai gudun riba ya tambayi nawa ya rage, don ana iya biyan sa gaba ɗaya. Kada kuma ka dubi harajin da mai sayar maka yake biya ka ɗauka shi ne naka. A Filorida da Kalifoniya ana sake ƙiyasta darajar gida bayan ya canja hannu, sai haraji ya yi tsalle. Wanda ya kai 55 a Kalifoniya yana da damar ɗauko ƙiyasin tsohon gidansa zuwa sabon a ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a 2021, amma sai ya nema da kansa. Inshorar gida ma ka sa a yi maka farashinta tun kafin ciniki ya faɗa, musamman a yankin guguwa.

Game da tsohon gidan: ribar da ka samu har dala 250,000, ko 500,000 ga ma'aurata, ba a karɓar harajin tarayya a kanta in ka zauna a gidan shekara biyu cikin biyar ɗin ƙarshe. Masu ba da shi haya su tafi gida su daɗe su lura da wannan lissafi.

Na uku, ana zaton akwai kulawa a ciki. Babu. Ba ma'aikaciyar jinya, ba mai kawo abinci, ba mai ɗaga ka in ka faɗi a banɗaki. Gida ne kawai ka saya a tsakanin sa'o'inka. Gidajen da ke ba da kulawa daban suke, tsadarsu ma daban, kuma Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga dattawa, ba ya biyan kuɗin mai yi maka wanka da sa tufafi na tsawon lokaci. Don haka ka dubi gidan da idon shekara goma sha biyar masu zuwa: keken guragu zai wuce ƙofar banɗaki? Akwai matakala a bakin ƙofa? In likita ya hana ka tuƙi, akwai bas ko motar unguwa? Yawancinsu a bayan gari aka gina su, inda ba ka iya sayen ko burodi sai da mota.

Wannan ya kawo ni kan masallaci. Na ga dattijon da ya yi shekara talatin yana salla a sahun gaba a Bronx da ke birnin New York, ya koma inda masallaci mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda a babbar hanya. Azumi ya zo, ido ba ya gani sosai da dare, tarawihi ta gagara. Matarsa ta ce mini, "Yaya, ko mai yi mana sallama babu." Kafin ka saya, ka je ranar Juma'a ka tuƙa daga ƙofar gidan zuwa masallaci, ka sake yi bayan isha'i. Ka tambayi liman inda ake samun naman halal, da inda maƙabartar Musulmi take, da ko akwai masu wankan gawa. 'Yan'uwanmu Kirista ma su yi irin wannan da cocinsu. Ƙungiyoyin rawa da na kati da ake tallatawa suna da amfani ga masu son su, amma ba za su zo maka suna ko ta'aziyya ba.

Masu cewa "mu 'yan ƙasar zafi ne, Arizona ba za ta dame mu ba" su daina. A bazarar 2023 birnin Finiks ya yi kwana 31 a jere zafi yana kai maki 43 a ma'aunin Salshiyas ko fiye, kuma gundumar Maricopa, wadda birnin ke cikinta, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a shekarar. Jikin ɗan shekara saba'in mai shan maganin hawan jini ba irin wanda ya bar Sakkwato yana saurayi ba ne.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Gidan da ya yi arha fiye da kima, ka tambaya ko har da filin ka saya ko hayar filin za ka riƙa biya. In kana yin rabin shekara a gida, ka duba ko an yarda ka sa ɗan haya, don wasu sun hana, wasu kuma sai ɗan hayan ya kai 55. Mai inshorar Medicare Advantage, wato Medicare ta hannun kamfani mai zaman kansa, ya tabbatar likitocin sabon garin suna karɓar tasa. Ka tambayi inda baƙi ke ajiye mota, da ko za a ba ka zauren taro ranar salla ko walima. Kada ka yanke hukunci da zagayen da ofishin talla ya yi da kai, ka koma da yamma kai kaɗai ka yi hira da waɗanda ka gani suna tattaki.

Ni a karo na biyu haya muka fara kamawa a cikin unguwar, muka ga hunturunta da bazararta, muka halarci taron ƙungiya, sannan muka saya. Kuma Hajiyoyi, ku auna ɗakunan da awo kafin ku kira motar kaya. Manyan kujeru da tukwanen biki da akwatunan zannuwa ba za su shiga ba, kuma na san gidaje da dama da ke biyan hayar ɗakin ajiya wata bayan wata kan kayan da ba wanda ya sake buɗewa. Ku kira 'ya'ya kowa ya ɗauki abin da yake so tun kuna tsohon gidan, sauran a kai masallaci a raba wa sababbin zuwa.