Jakar goyo ta farautar elk a Kolorado: ku auna ta da naman da za ku fito da shi

'Yan uwa da suka sauka a Kolorado ba sa cika shekara biyu sai maganar farauta ta shiga kunnensu. Jihar ce ta fi kowace jiha a Amurka yawan elk, dabbar nan mai ƙaho reshe-reshe da ta kai gwanki girma har ta ɗara shi. Namanta halal ne, guda ɗaya kuma tana cika firiza ta riƙe gida watanni. A fagen fiɗa ba a kai mu ƙasa, wannan kam abin alfahari ne: wanda ya taso yana riƙe ƙafar ragon layya yana rarraba dabba da tsafta fiye da mutane da yawa da za ku tarar a dawa. Inda ake kwasar kunya shi ne sauko da naman daga kan dutse zuwa mota. Mutum zai zuba dala dubu a bindiga da madubinta, sannan ya rataya jakar da yake zuwa aiki da ita ya shiga daji. Kowace kaka sai an maimaita wannan.

Ku fara da lissafin nama, tun kafin ku leƙa shago. Babban namijin elk yana kai kilo 300 ko fiye, macen kuwa wajen kilo 225. In an feɗe an cire ƙashi, namiji yana ba da tsoka kusan kilo 90 zuwa 100, mace kilo 65 zuwa 75. Cinyar namiji guda ɗaya da ƙashinta tana kai kilo 30, hannu ɗaya wajen kilo 18. Mai ƙarfi da ya saba yana iya ɗaukar kilo 30 zuwa 35 a sahu ɗaya ba tare da ya lalata gwiwarsa ba. Wato namiji sahu huɗu ne ga mutum ɗaya, in an haɗa da kai da ƙaho. In dabbar ta faɗi kilomita 5 daga mota, fitar farko 5 ce, sai komawa da dawowa sau uku, jimilla kilomita 35, kilomita 20 daga ciki da kaya a baya, a tudun da ya kai mita 3,000 inda iska ba ta isar huhu. Denver kanta tana kan mita 1,600, to ku ƙaddara ninkinta. A wuraren da dokar 1964 ta keɓe a matsayin dajin da ba a taɓawa, irin su Flat Tops, ba mota ba babur, ko baro da keke an hana. Daga bayanka sai dokin haya.

Wani zai ce, to in ya yi yawa ai sai a ɗebi na ɗiba a bar wa namun daji sauran. A nan ne takardu ke shigowa, kuma a nan ne sabon zuwa ya fi cutuwa, don haka za mu daɗe a kai.

Dokar Kolorado ta wajabta fito da cinyoyi biyu, hannuwa biyu, tsokar gadon baya da tsokar ciki mai manne da ƙashin baya. Barin su su ruɓe laifi ne. Yanke ƙaho a bar gangar jiki kuwa babban laifi ne, irin wanda ke iya bin mutum har ofishin shige da fice ranar da ya je sabunta takardun zama ko neman zama ɗan ƙasa. Hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar, Colorado Parks and Wildlife, tana rubuta wa mai laifi maki, in ya tara 20 cikin shekara biyar ana iya dakatar da shi, kuma jihohi suna musayar sunayen waɗanda aka dakatar, ba zancen tsallakawa Wyoming a sake sabon lale. Jami'in gandun daji yana da ikon tsayar da kai ya duba naman da lasisin, kuma “ban sani ba, baƙo ne ni” ba ta taɓa fid da kowa ba.

Kafin ma a kai nan akwai maganar riƙe bindiga. Mai katin zama na dindindin yana da damar mallaka. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi, ta aiki ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in yana da lasisin farauta mai aiki a hannu, kuma ranar da lasisin ya ƙare kariyar ta ƙare. Wanda bizarsa ta mutu, ko takardunsa na gaban alƙali, kada ya taɓa ko da ta aro ce sai ya zauna da lauyan shige da fice. Don Allah kada ku ɗauki fatawar wannan a majalisar shayi.

Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta ya karɓi katinsa kafin a sayar masa da lasisi. Ba a ɗaukar mutum mazaunin jiha sai ya yi wata shida a jere a cikinta, da shaidar lasisin tuƙi ko katin jihar. Lasisin elk na wanda ba mazaunin jihar ba ya ninka na mazauni sau goma da ɗoriya, shi ya sa wasu ke kwaɗayin rubuta adireshin ɗan uwa. Kada ku yi, ƙarya ce a takardar hukuma, kuma ana kamawa. Yawancin lasisai masu kyau ta ƙuri'a ake samu, ana rufe karɓar buƙata a farkon Afrilu, wanda ya tuna da farauta a Satumba ya makara sai abin da ya rage. Kowane lasisi kuma yana ɗauke da yankinsa, kwanakinsa, makaminsa da jinsin dabbarsa. Farautar gayya irin ta gida, wadda duk wanda ya ga nama zai harba a raba daga baya, ba ta nan: mai lasisi ne kaɗai zai harbe dabbar lasisinsa. Taya ɗaukar nama kuwa halal ne, a nan ne gayya ke da amfani, mutum huɗu da jaka huɗu sahu ɗaya ya ishe su.

Abubuwa biyu na doka suna shafar yadda ake yanka. Na farko, guntun takardar da ke jikin lasisi: da dabba ta faɗi a sa hannu da kwanan wata a yage shi, kuma ya kasance a ɗaure jikin naman a sansani, a mota da inda aka adana. Na biyu, shaidar jinsi. Hannun da ya saba fiɗa yana share maraina ko hantsa ya jefar tun da farko, alhali doka na son a bar wani abu daga cikinsu manne da cinya ɗaya yadda Allah ya halitta. Kan da aka datse daban ba ya zama shaida. A yankunan da aka ƙayyade yawan reshen ƙaho kuma, dole ƙahon ya fito tare da naman, saboda haka jakarku na buƙatar maɗauran da za su riƙe shi.

Yanzu girman jaka. A nan ana rubuta shi da kubik inci, 61 ne lita ɗaya. Mai kwana a mota ko a sansanin bakin hanya, yana fita da asuba ya dawo da dare, 2,000 zuwa 3,000 ta ishe shi, wato lita 33 zuwa 50: ruwa lita 3, abinci, rigar sanyi, rigar ruwa, fitilar goshi, wuƙa, igiya, buhunan nama da kayan taimakon gaggawa. Mai kwana uku zuwa biyar a dawa da tantinsa a baya yana buƙatar 4,500 zuwa 5,500, lita 75 zuwa 90. Mako ɗaya ko fiye, 6,000 zuwa 7,000, har lita 115. Shawararmu ga mai sayen guda ɗaya: ya ɗauki ta wajen 5,000. Babbar jaka ana ɗaure ta ta tsuke ta zama ƙarama, ƙarama kuwa ba ta buɗewa. Mu kuma muna da ƙarin dalili. Sanyin Oktoba da Nuwamba a kan duwatsu yana sauka ƙasa da sifiri sosai, jikinmu bai saba ba, kayan sanyinmu sun fi na ɗan Montana yawa. Sabon zuwa kuma yakan fara da jakar barci mai araha ta zaren roba, wadda ke cin wuri kusan ninki biyu na mai gashin agwagwa. Abin da ya ishi abokin aikinku Ba'amurke ba lallai ya ishe ku ba, ku ƙara mataki ɗaya.

Sai dai lita ba ita ce ke ɗaukar nama ba. Tsoka kilo 30 wajen lita 30 kawai take ci, ko ƙaramar jaka za ta haɗiye ta. Nauyin ne matsala, kuma firam, wato sandunan da ke tallafe jakar, shi ne ke ɗaukarsa. Jakar 'yan yawon dutse an ɗinka ta don kilo 15 zuwa 20, in aka ɗora mata 35 sandunan cikinta na lanƙwashewa, ɗamarar ƙugu ta zame, nauyin duka ya koma kafaɗa, hannuwa su mutu. Jakar farauta ta gaskiya tana da firam mai tauri da ake raba shi da buhun, a tsakaninsu akwai shimfiɗar da ake zaunar da nama, sannan a mayar da buhun a matse da maɗauri. Da haka nama na manne da baya, jini bai taɓa jakar barci ba, kayan sansani kuma suna nan a wurinsu. Mystery Ranch, Stone Glacier, Kifaru, Exo Mtn Gear da Kuiu duk suna yin irin wannan, sabuwa tana cin ɗaruruwan daloli, wasu sun haura 600. Ta hannu ba laifi, ana samun su da yawa bayan an rufe kakar farauta, amma a duba ɗinkin ɗamara, makullan roba da sandunan firam ko akwai tsaga.

Firam ana sayensa da tsawon baya, ba da tsawon mutum ba. Sunkuyar da kai, a taɓo ƙashin da ya ɓullo a gindin wuya, a auna daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Dogaye da yawa bayansu gajere ne, ƙafa ce ta yi tsawo, don haka kada a yi zato. Saman firam ya haura kafaɗa da 'yan inci, domin ƙananan maɗauran da ke janyo kaya su tashi sama a karkace. In sun kwanta a kafaɗa ba aikin da suke yi. Yawancin firam masu ɗaukar nauyi inci 24 zuwa 26 ne. Ɗamara ta zauna a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba, ita za ta ɗauki mafi yawan nauyin. Masu siririn ƙugu su lura: in an ja ta har ƙarshe fikafikan biyu suka haɗu a gaba, ta yi girma, da kilo 30 za ta sulale ta goge fata. A shago ku sa a zuba mata buhunan yashi ku zaga da ita minti 20. Jakar da ba kaya kowacce daɗi gare ta.

Wajen lodi, nama ya zauna daga tsakiyar baya zuwa tsakanin kafaɗu. In ya zurara ƙasa yana jan mutum baya, in ya yi sama yana rinjayarsa a gangara. Tsokar da aka cire wa ƙashi tana taruwa ta zama dunƙule a gindin buhu, saboda haka a zuba ta a dogon siririn buhu a matse da maɗauri uku. Cinya mai ƙashi ta fi nauyi amma ta fi zama daram, a sa mai kaurin a ƙasa, ƙwauri a sama. Buhunan nama su zama na yadi mai shan iska, biyar ko shida. Leda tana riƙe zafi da gumi, nama ya yi tsami cikin sa'o'i, musamman kusa da ƙashin cinya inda zafi ya fi daɗewa. Abin da bai shiga sahun farko ba a rataye shi a inuwa nesa da kayan ciki, saboda baƙin beyar, kuma a yi motsi da murya in an dawo ɗauka. A kakar bindiga doka na son inci murabba'i 500 na tufa mai launin ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli daga ƙugu zuwa sama, har da hula. Jaka tana rufe rigar, don haka a lulluɓe ta da irin wannan yadi, a juya ƙaho ya kalli ƙasa a ɗaura masa ƙyalle. Sandunan dogarawa biyu ba ado ba ne, su ke ceton gwiwa a gangara.

Ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya a bar su a dawa, duk da mun san akwai masu sha'awar farfesun kai. Cutar CWD mai lalata ƙwaƙwalwar elk da danginsu, wadda aka fara ganowa a garin Fort Collins na Kolorado a 1967, a cikinsu ta fi taruwa, dafuwa ba ta kashe ta, kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ci dabbar da gwaji ya nuna tana da ita. Wasu lasisan gwajin dole ne, a duba littafin dokokin shekarar.

Da nama ya iso gida, rabon maƙwabta da 'yan masallaci abu ne da ba ma bari, kuma doka ba ta hana ba, amma kyautar tana tafiya da takarda mai ɗauke da sunan mai bayarwa da mai karɓa, lambar lasisi, irin naman da kwanan wata. Sayarwa kuwa haramun ce a doka ko ta wace siffa. Kilishin elk yana da kyau ƙwarai, a yi shi a ci a gida a ba baƙi, amma kada a sa masa farashi, kuma kada tsiren wani shago ya fito daga firizarku.