Idan Oga Ya Ce A Ɗan Gyara Lissafi

Aikina riƙe rijista ne a asibitin sha-ka-tafi: yara nawa aka yi wa rigakafi, allura nawa ta shigo, nawa ta fita. A irin wannan kujera ba wanda zai fito fili ya ce ka yi ƙarya. Cewa ake yi, "a ɗan gyara adadin nan, masu dubawa na tafe," ko kuma "daga sama aka ce." Sau da yawa ma ba kuɗi ake hange ba. Ana so ne a rufa wa wani asiri don ɗan garinsu ne, ko a shafa wa wata kashin kaji don ba a ga maciji da ita.

Kafin ka buɗe baki, nemi abin da ba ya da ɓangare. A wurinmu kwalba ce. Kwalbar rigakafin ƙyanda ta yara goma ce, kuma in aka haɗa ta, bayan awa shida sai zubarwa. To in littafin sito ya nuna kwalba 12 aka fasa a wata, yaran ba za su wuce 120 ba, galibi ma ba sa kaiwa. Rahoton da ya ce 200, kwalabe ne suka ƙaryata shi tun kafin ka ce uffan. Akanta yana da rasit da baucha, mai sito yana da katin kaya, malami yana da takardun jarrabawa. Ka ƙirga sau biyu, sannan ka tambayi zuciyarka: da aminina ne ya rubuta rahoton nan, haka zan tsananta? In amsar a'a ce, son rai ya shigo ta ƙofarka kai ma, ka fara da shi.

Daga nan ka sami oga shi kaɗai. Kada ka kuskura ka fara a taro. Babban mutum zai iya haɗiye asara, amma tozarci a gaban yaransa ba ya haɗiyuwa, kuma daga ranar maganar ta tashi daga kan adadi ta koma kanka. Ni ga yadda nake faɗa: "Yallaɓai, a fahimtar da ni, kwalba 12 na gani a littafi, rahoto kuma ya ce 200. Ko akwai kayan da ba a shigar ba?" Kalmar ƙarya da ta sata ka bar su a gida. Ka bar masa hanyar da zai ce kuskuren haɗa lissafi ne, in dai za a gyara.

In ya nace, maganin ɗaya ne: "Ranka ya daɗe, a rubuto mini a fayil, in bi." Yawancin umarnin son zuciya a nan suke mutuwa, domin mai bayar da shi ya fi kowa sanin abin da sa hannu ke nufi ranar da odita ya zo. Kai kuma ka rubuta naka bayanin, gajere, da kwanan wata, adadi zalla ba zargi, ka ajiye kwafi. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka ƙirga ba. Adadin da muke shigarwa a DHIS2, manhajar da ake tara alƙaluman asibitoci, shi ake dubawa a jiha da Abuja. Unguwar da takarda ta ce an gama da ita ba a komawa cikinta, sai zafi ya shigo ƙyanda ta bi gida-gida.

Ba zan ce maka abin ba ya da tsada ba. A Yulin 2014, Dokta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wani majinyaci da ya zo daga Laberiya, daga asibitinsu a Legas, duk da matsin da aka yi mata a kan a bar shi ya tafi taro Kalaba, domin alamun da ta gani na Ebola ne. Cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Namu bai kai nan ba. Abin da ke jiranmu shi ne kwari, wato takardar neman bahasi, ko canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, ko a daina amsa gaisuwarka. Ka san da haka tun farko, ka kuma tsare naka aikin, don makarar minti goma ma za a tono.

In magana ta ƙi, bi matakala: shugaban sashe, odita na cikin gida, sannan ƙungiyarku ta ma'aikata. In harkar kuɗin gwamnati ce, akwai tsarin kwarmato da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disambar 2016, amma tsari ne, ba doka ba, kada ka ɗauka garkuwa ce. Facebook da zauren WhatsApp kuwa ka ƙaurace musu. Shafin rijista ɗaya na ɗauke da sunayen yara da iyayensu, ka ɗora hotonsa, kai za a fara tuhuma, a manta da kwalaben.