Yadda za ka nemo labarin kakanka da ya mutu a yaƙin Faransa

Jama'a, in a gidanku akwai wanda Nasara suka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945, ya tahi bai komo ba, to akwai hanyar gano inda ya faɗi. Ni na yi na wan kakata, amma sai da na sha wuya.

Kada ka fara da intanet, fara da tsofaffin gida. Ni gwaggo na samu a Tibiri, na ce "Gwaggo, ba abin da ya rage na Baba soja?" sai ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ciki da wata takarda da gara ta ci rabinta, amma lambar soja tana nan, matirkil ɗin kenan. Wallahi wannan lamba ta fi suna amfani, don magatakardan Faransa yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, Mahamman ya koma Mahamane ko Maman, Abdu ya koma Abdou, shekarar haihuwa kuma kintace ce kawai. Ka tambayi sunan ubansa, ƙauyensu, da wane sarki ke kan gado sadda aka ɗauke shi, daga nan kake lissafo shekara.

Sannan ka shiga Mémoire des hommes, shafin ma'aikatar sojan Faransa ne kuma kyauta ne, akwai sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin 1914-1918 da na 1939-1945. Ka gwada sunan ta rubutu uku ko huɗu, kuma wajen garin haihuwa kar ka tsaya kan Maradi kaɗai, gwada Tessaoua ko Zinder ko Niger kurum. In ka ga an rubuta tirailleur sénégalais kada ka ce ba naku ba ne, duk baƙaƙen sojan Afirka ta Yamma haka ake kiransu, ko Bamaraɗe ko Bazabarme.

In ka samu lambar rundunarsa da ranar mutuwa, sai ka rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ma'ajiyar takardun soja a Faransa. Dosiyen sojan ƙasashen da Faransa ta mallaka yana garin Pau, na mamatan yaƙi yana Caen, littafin da kowace runduna ke rubuta abin da ya faru kullum kuma yana Vincennes. Misali in runduna ta 25 ta tirailleur sénégalais ce, watan Yuni 1940, to duba Chasselay kusa da Lyon, inda Jamusawa suka kashe sojanmu bayan sun kama su, maƙabartarsu tana can har yau.

Ka leƙa wajen mazan jiya ma, ko da yake ni wani ofis sau uku ana ce mini in komo gobe. Amsar Faransa kuwa sai da na cire rai ta zo, ranar na kai wa gwaggo kofin takardar, ta sa aka karanta mata sunan garin da ya faɗi har sau biyu, sannan ta ce a kira malamai a yi mishi sadaka ran Juma'a.