Yadda Ake Zuba Jari a Sabon Kamfanin Sola

Kafin ka zuba jari a sabon kamfanin da ke kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana don adana tumatir, ka tabbatar da rajistarsa a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. Daga nan ka nemi littafin cinikinsa, domin alƙawarin kare muhalli ba ya biyan albashi. Ka duba yawan 'yan kasuwar da ke biyan kuɗin ajiya kullum, da tsadar sauya batir, wadda takan cinye riba idan naira ta faɗi, tunda galibi daga waje ake shigo da shi. A rubuta kason hannun jarinka a gaban lauya, kuma kada ka sa kuɗin da za ka buƙata nan kusa.