Yadda zaka gwada hulba ko kirfa a kan ciwon suga ba tare da ka jawo wa kanka matsala ba

Da zarar mutane sun ji kana da ciwon suga shikenan kowa ya zama likita, wannan yace ka jiƙa hulba, wancan yace ai kirfa ce ƙarshe, wani ma ya baka shawarar ka watsar da ƙwayoyin asibiti gaba ɗaya. Ni dai bana raina tsirrai, ai metformin, ƙwayar ciwon suga da ake sha ma, binciken da ya haifar da shi daga wani tsiro ya faro, Galega officinalis. Amma jikinka ba wurin caca bane, in zaka gwada abu ka gwada shi da awo.

Ka fara mallakar na'urar awon suga da ɗan littafi. Sati ɗaya cur kada ka canza komai, kawai ka riƙa awo da safe kafin ka ci komai, sai kuma awa 2 bayan abinci, kana rubutawa. Abin da likitoci ke nema wa yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 mg/dL kafin cin abinci, bayan abinci kuma ƙasa da 180. In baka san inda kake ba ta yaya zaka gane wani ganye ya maka aiki?

Daga nan ka gyara faranti tukuna, don wallahi nan ne aikin yake, ba a kwalba ba. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata kifi ko ƙwai ko nama ko wake, sauran kwatan ne na shinkafa ko burodi ko dankali. Ka fara cin ganyen da naman kafin ka taɓa shinkafar, suga baya tashi da gudu in an bi wannan tsarin. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace da aka matse ka rabu da su, gara ka ci lemon da kansa. Zuma kuma, kar wani ya ruɗe ka, tana ɗaga suga. In ka gama ci ka ɗan taka na minti 10 zuwa 15.

To sai maganar tsirrai, ɗaya bayan ɗaya don Allah, kada ka haɗa uku rana ɗaya. Hulba tana da wani yauƙi da yake rage saurin shigar suga cikin jini, ana jiƙa ƙaramin cokali ɗaya da dare a sha da safe. Takan kawo kumburin ciki ko gudawa, har warinta yakan fito a zufa, kuma mai ciki da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin su bar ta. Kirfa kala biyu ce, wadda tafi yawa a kasuwa ita ce cassia, tana da sinadarin coumarin wanda in yayi yawa yana taɓa hanta, ta Ceylon kuwa kaɗan ne a cikinta. Rabin ƙaramin cokali a rana ya isa, kuma gaskiya binciken da aka yi a kanta wani ya ga ɗan sauƙi wani bai ga komai ba, kada ka ɗora mata buri. Ruwan khal cokali ɗaya a cikin kofin ruwa tare da abinci, ba zallarsa ba don yana cin haƙori, mai olsa ya haƙura. Duk wanda ka zaɓa ka bashi sati 3 kana awo, in lambobin basu motsa ba ka ajiye shi.

Inda haɗarin yake shi ne in kana allurar insulin ko kana shan ƙwayar suga ta glibenclamide ka ƙara da waɗannan tsirran, suga zai iya faɗuwa ƙasa da 70, ka ji rawar jiki da zufa da jiri da bugun zuciya. Nan take ka sha cokali ɗaya babba na sukari a ruwa, wajen giram 15, ka jira minti 15 ka sake awo. Shi yasa dole likitanka ya san me kake sha. Mai ciwon suga nau'i na 1 kuwa, wanda jikinsa baya yin insulin, babu ganyen da zai maye masa insulin, barin ta kan kai mutum ga doguwar suma.

Su kafso ɗin da ake tallatawa wai suna warkar da suga kwata-kwata, ka yi hattara, an sha kama irinsu da maganin asibiti a ɓoye a ciki. Wanda ya daɗe a kan metformin ya nemi a duba masa bitamin B12 don yana rage shi, mai ciwon ƙoda kuma kada ya sha magnesium da ka. Bayan wata 3 kaje ayi maka gwajin HbA1c, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin sugarka na watannin baya, ka tafi da littafin nan naka ka nuna wa likita.